"Ranar da Ta Ɓata": Nazari kan Wata Hujjar Wa'azi da Kurakuran da Ke Cikinta

Kaɗan ne a cikinmu ba su taɓa jin labarin "ranar da ta ɓata" ba. Ana ba da shi a wa'azin Lahadi da taron matasa, yanzu kuma yana yawo a WhatsApp. Wai masanan hukumar NASA ta Amurka suna lissafin tafiyar rana da wata da kwamfuta, suna komawa baya shekaru dubbai, sai na'urar ta tsaya cak, ta nuna kwana ɗaya ya ɓata a tarihi. Suka rasa ta cewa, sai wani Kirista a cikinsu ya tuna darasin makarantar Lahadi. Aka buɗe Joshuwa 10, inda rana ta tsaya, aka sami awa 23 da minti 20. Saura minti 40. Aka buɗe 2 Sarakuna 20, inda inuwa ta koma baya a zamanin Sarki Hezekiya, sai lissafi ya cika cif. Jama'a su ce Amin.

Da yawa a cikinmu mun ba da wannan labari da zuciya ɗaya. Mun gaskata abin da Joshuwa 10 ya faɗa, ba shi za mu ɗora a mizani ba. Tambayarmu ita ce: wannan hujja da aka kawo don a tallafe shi, tana iya ɗaukar nauyin da aka aza mata?

Inda labarin ya fito

Labarin ya girmi kwamfuta. A 1890 wani hafsan soja mai suna Charles Totten, wanda ke koyarwa a Jami'ar Yale, ya wallafa lissafin da ya ce ya gano kwanan da ya ɓata. A 1936 mai wa'azi Harry Rimmer ya maimaita shi a littafinsa. Wajen 1970 labarin ya sake fitowa da sabuwar riga ta bakin Harold Hill, shugaban wani kamfanin injuna a Baltimore, wanda ya ce abin ya faru a cibiyar Goddard ta NASA. Ya sa shi a littafinsa na 1974. Cibiyar Goddard ta musanta labarin, Hill kuwa bai kawo sunan masani ko takardar shaida ba. Ko ƙungiyar Answers in Genesis, wadda ta shahara wajen kāre labarin halitta, ta sa shi cikin hujjojin da bai kamata Kirista ya yi amfani da su ba.

Amma da a ce ba mu san wannan tarihi ba, hankali kaɗai ya isa ya nuna mana inda ginin ya tsage. Tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Almasihu, Aristotal ya lissafta kurakuran hujja iri 13. Ga biyar da ke tafiya tare da wannan labari, waɗanda za mu riƙa haɗuwa da su a wurare da dama.

1. Fakewa da babban suna

Ƙarfin labarin duka yana kan kalma ɗaya: NASA. A cire ta, a ce "wani mutum ya ce", ba wanda zai saurara. Jin ta bakin masana ba laifi ba ne, mu ma muna dogara ga likita da masanin Ibrananci. Kuskuren shi ne a kira suna ba tare da an nuna wane ne ya faɗa, a ina, kuma yaushe ba. Duk lokacin da muka ji "masana sun gano" ko "manyan malaman tauhidi sun yarda", sai mu tambaya: su wa? In ba amsa, cinikin biri a sama ake yi da mu.

2. Hujja mai kewaya kanta

A ce agogon bango ya tsaya cikin dare na awa ɗaya, sa'an nan ya ci gaba da tafiya. Da safe, kallon agogon kaɗai ba zai gaya mana ya tsaya ba, sai mun gwada shi da wani agogon da bai tsaya ba. Haka kwamfuta take. Tana lissafi baya ne bisa yadda rana da wata suke tafiya yau. Kafin ta gane an rasa kwana ɗaya, dole a sami ma'auni tabbatacce daga kafin zamanin Joshuwa, daidai har zuwa minti, wanda za a gwada lissafin da shi. Irin wannan ma'auni babu shi. Totten ya cike gurbin ne da ranar halittar duniya wadda shi ya tsayar da kansa. Wato ya sa amsar a cikin tambayar, sa'an nan ya ce ya gano ta. Joshuwa 10:13 ma bai ambaci awa ko minti ba, ya nuna dai wajen yini guda ne.

3. Sauya ma'anar kalma a tsakiyar hanya

Daga ina minti 40 ya fito? Duniya tana juyawa digiri 360 a awa 24, wato minti 4 ga kowane digiri, digiri 10 kuwa minti 40 ke nan. Lissafin daidai ne. Sai dai kalmar Ibrananci a 2 Sarakuna 20 da Ishaya 38:8, ma'alot, tana nufin matakai, irin na hawa bene. Juyin Turanci na Sarki James na 1611 ya fassara ta da kalmar da a yau ake fahimta da digirin lissafi. Aka ɗauki matakan Ahaz aka mai da su digirin masanan taurari, ba wanda ya lura. Mu masu wa'azi da Hausa, waɗanda sau da yawa muke shiri da littattafan Turanci, wannan tarko yana kusa da ƙafarmu ƙwarai.

4. Tilasta zaɓi tsakanin abu biyu

Idan wani ɗalibi ya nuna shakka, abin da yakan ji shi ne: "Ko ka gaskata wannan, ko ka ƙaryata Littafi Mai Tsarki." Alhali akwai hanya ta uku a fili: mutum ya gaskata Joshuwa 10, ya kuma ƙi labarin NASA. Ikilisiya ta yi ƙarnuka tana karanta wannan sura ba tare da kwamfuta ba. Irin wannan kuskure yakan shigo taron dattawa ma: "Ko mu gina sabon ɗakin sujada bana, ko kuwa ba mu da bangaskiya."

5. Barin magana a kama mai magana

"Boko ne ya ruɗe shi." "Yaro ne, yaushe aka haife shi?" An bar jaki ana dukan taiki. Ko da mai tambayar yana da girmankai, tambayarsa tana nan tana jiran amsa. Halin mutum abin kulawar makiyayi ne, amma ba ya mai da gaskiya ƙarya.

Abin da za mu yi asara

Wani zai ce, "Ai labarin yana ƙarfafa mutane, mene ne laifi?" Mu tuna da yarinyar da ta ji shi daga bakin fastonta, ta shiga jami'a ta maimaita shi a aji, aka buɗe waya aka nuna mata ba haka ba ne cikin minti biyu. Ba labarin kaɗai za ta zubar ba. Za ta fara tambayar kanta ko abin da faston ya faɗa a kan tashin Almasihu ma haka yake. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. A farkon ƙarni na 5, Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, ya yi wannan gargaɗi cikin sharhinsa na littafin Farawa: idan wanda ba Kirista ba ya ji Kirista yana shirme a kan abin da shi ya sani sarai game da sama da ƙasa, da wuya ya yarda da shi a kan tashin matattu. Ayuba ma ya tsauta wa abokansa a kan yin ƙarya da sunan kāre Allah (Ayuba 13:7).

Gano kuskure a hujjar abokin gardama abu ne mai sauƙi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Hujjar da ta fi bukatar bincikenmu ita ce wadda ta goyi bayanmu, domin ita ce muke sha'awar karɓa ba tambaya. An yabi mutanen Biriya don sun bincika maganar Bulus kansa (Ayyukan Manzanni 17:11). Wanda ya taɓa ba da wannan labari a ikilisiya, ya koma ya gyara a wurin da ya faɗe shi. Jama'ar da ta ga fastonta ya gyara kuskurensa za ta fi amincewa da shi gobe.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Ɗauki wa'azinka na ƙarshe. Wane labari ko adadi ka ambata wanda ba za ka iya nuna tushensa ba?
2. Wanne cikin kurakuran nan biyar ya fi yawa a taron majalisar ikilisiyarku?
3. Yaya za ka amsa wa dattijon da ya ba da wannan labari a gaban jama'a, ba tare da ka kunyata shi ba?