Shaihu Umar a Ma'aunin Ɗan Majalisa

Sau da yawa a wajen hira a nan Shadawanka mukan ji ɗalibai suna zargin littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da cewa ya yi wa cinikin bayi sassauci. Hujjarsu ita ce Umar ya sami ilimi da ɗaukaka a hannun Abdulkarim, Balaraben da ya tafi da shi, kuma babu inda marubucin ya fito fili ya la'anci bauta. Manufar wannan ɗan tsokaci ita ce mu auna zargin, mu ga ko yana da tushe.

Bari mu ɗauko ma'auni daga Amurka. Abraham Lincoln lauya ne a garin Springfield na jihar Illinois, ya kuma zauna a Majalisar Wakilai daga 1847 zuwa 1849. Ya ƙi jinin bauta, amma daftarin da ya tsara a 1849 bai wuce neman a kawar da ita sannu a hankali daga birnin Washington ba, tare da biyan iyayengiji diyya. Masu zafin ra'ayi sun ga kamar tsoro ne. Duk da haka, shi ne ya sa hannu a takardar 'yanta bayi ta 1863.

Irin wannan hali muke gani ga Ɓalewa. Malamin makaranta ne da ya zama ɗan majalisa, kuma ƙudurin da ya gabatar a Kaduna a 1950 gyaran mulkin En'e ya nema, bai nemi a rushe sarauta ba. A ganinmu, da wannan taka-tsantsan ya rubuta littafinsa tun 1934. Ya jera shaidu kamar mai gabatar da ƙara, ya bar wa mai karatu hukunci. Babbar shaidarsa ita ce uwar Umar: 'yantacciyar mace da ta fita neman ɗanta, aka yaudare ta, aka bautar da ita, ta ƙetare hamada, ba ta daɗe da ganinsa ba ta rasu. Duk wanda ya karanta wahalarta ba ya bukatar a yi masa wa'azi.

Sai dai ba mu wanke marubucin sarai ba. Bayin da aka kamo a harin da su Makau suka kai ba su da suna, ba su da baki. Tausayin littafin ya fi karkata ga ɗa da aka bautar bisa kuskure fiye da wanda aka ɗauka bautarsa halal ce. Nan ne raunin yake, kamar yadda diyyar Lincoln ta tuna da ubangiji ta manta da bawa.

Saboda haka muna kira ga ɗalibai, in za su yi zargi, su san inda za su ɗora shi. Ɓalewa ya nuna zafin bauta. Abin da ya rage shi ne bai ba kowane bawa damar faɗin nasa ba.