Yadda Gwanaye Suka Mayar da Tsohon Gidan Waya Zauren Tashar Jirgin Ƙasa

A ranar 1 ga Janairun 2021, lokacin da annobar korona ta zaunar da mutane a gida, aka buɗe sabon zauren fasinjoji a tashar jirgin ƙasa ta Penn da ke tsakiyar birnin New York na Amurka. Sunansa Zauren Moynihan, kuma ya ci dala biliyan 1.6. Masu ɗaukar hoto duk rufinsa na gilashi suka yi wa ca, kuma abin kallo ne. Wanda ya san gini kuwa, wani abu daban zai fi ba shi mamaki: ba sabon gini aka tayar ba, ko layin dogo ɗaya ba a ƙara ba. Tsohon gidan waya ne mai shekara fiye da ɗari aka shiga cikinsa aka fitar da tasha. Raya tsohon gini don ya yi aikin da ba don shi aka gina shi ba sana'a ce mai zaman kanta, kuma ta fi tayar da sabo wuya.

Sai an san ciwon kafin a yaba wa maganin. A shekarar 1910 aka buɗe tashar Penn ta asali, gini na alfarma da kamfanin masu zanen gine-gine na McKim, Mead & White ya tsara. Da motoci da jiragen sama suka kwashe fasinjoji, kamfanin jirgin ya shiga matsin kuɗi, sai aka fara rushe ta a 1963, aka ɗora filin wasanni na Madison Square Garden a kanta. Jiragen ba su daina zuwa ba, mutanen ne aka tura ƙarƙashin ƙasa, cikin lunguna masu gajeren rufi da ba sa ganin rana. Kafin korona, fiye da mutum 600,000 ke ratsa waɗannan lunguna kullum, babu tashar da ta kai ta cunkoso a Amurka. Takaicin rushewar ya taimaka wajen kafa dokar kare gine-ginen tarihi a birnin a 1965.

Matakin farko a wannan sana'a shi ne karatun gini, wato a gano abin da tsohon gini ya riga ya mallaka kafin a kai masa guduma. A tsallaken titin da ake kira Eighth Avenue akwai babban gidan waya na birnin, mai jerin ginshiƙai 20 a fuskarsa, wanda kamfanin da ya zana tsohuwar tashar ne ya zana shi, aka buɗe shi a 1914. A kan layukan dogo aka gina shi da gangan, don a riƙa saukar da buhunan wasiƙu kai tsaye cikin jirage. Ke nan dandamalin da fasinjoji ke hawa jirgi sun miƙe har ƙarƙashinsa. A tsakiyarsa kuma akwai wani makeken ɗaki na rarraba wasiƙu, wanda tun asali rufin gilashi gare shi, aka toshe shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da aikin wasiƙu ya koma wasu wurare, ɗakin ya zauna kusan fanko. Sanata Daniel Patrick Moynihan, wanda ya yi sana'ar goge takalma a tsohuwar tashar yana yaro, shi ya dage tun farkon shekarun 1990 cewa da tsohuwar zuma ake magani: ga fili, ga layin dogo a ƙasa, ga sararin sama a bisa. Ya rasu a 2003 bai ga aikin ba, aka sa wa zauren sunansa.

Masu zanen kamfanin SOM da aka ba aikin sun tarar da hannunsu a ɗaure ta ko'ina. Fuskar ginin tana ƙarƙashin dokar kariya, ba dama a sauya mata kama. Jiragen da ke ƙasa ba za a tsayar da su ba. Abin da ya rage musu shi ne cikin ginin da samansa. A irin wannan aiki ba a dogara da tsohuwar takardar zane, domin abin da aka zana da abin da magina suka gina shekara ɗari baya ba koyaushe suke daidai ba. Sai an bi bango da ƙarfe ɗaya bayan ɗaya ana awo, ana gwada nauyin da kowanne zai iya ɗauka, sannan a yanke hukunci a kan abin da zai tafi da abin da zai zauna. Wanda bai ƙware ba yakan rushe abin da ya kamata ya bari, ko ya ji tsoron taɓa abin da ya kamata ya cire.

Hukunci mafi kyau da suka yanke shi ne a kan wasu manyan saƙaƙƙun ƙarafa uku da suka ratsa saman ɗakin wasiƙun daga bango zuwa bango. Tun asali su ke ɗauke da rufin, amma a lulluɓe suke, ba a ganinsu daga ƙasa. Aka tuɓe musu lulluɓin, aka gyara su, aka bar su a fili da ƙusoshinsu na dā. Su ukun suka raba sararin gida huɗu, a kowane gida aka ɗora kumburarren rufi na gilashi, wanda ƙololuwarsa ta kai ƙafa 92 daga daɓe. Babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyar zauren, tsofaffin ƙarafan da bangon suka ɗauke nauyin.

Ta yaya gilashi mai yawa haka zai zauna a kan tsohon ƙarfe, a garin da dusar ƙanƙara ke taruwa a kan rufi, ba tare da an danne shi da sabbin ƙarafa masu kauri ba? Sirrin yana cikin siffar lanƙwasar. Ka riƙe sarƙa a bakinta biyu ka bar tsakiyarta ta yi lilo. Da kanta za ta ɗauki wata lanƙwasa, inda kowane zobe jan na kusa da shi kawai yake yi. To da za ka sandarar da ita haka ka kifa ta, ja zai koma turi: kowane zobe yana danna na ƙasa da shi, nauyin yana gangarawa har gindi, babu inda ke neman karyewa. Masanin Ingila Robert Hooke ya bayyana wannan tun ƙarni na 17, kuma a kan wannan siffa aka ƙera rufin nan huɗu. Wanda ya taɓa ɗaga kai a cikin soro mai ɗaurin guga, ko ya ga aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a Masallacin Juma'a na Zariya, ya san burin: a rufe fili mai faɗi, a kai nauyin gefe, a bar wa jama'a tsakiya.

Injiniyoyin kamfanin schlaich bergermann partner na birnin Stuttgart a Jamus su suka yi lissafin. Kowane rufi ɗaya yana da fallayen gilashi fiye da 500 a cikin ragar ƙarfe. Mai lura zai ga ragar ba kaurinta ɗaya ba. A gefe, inda nauyi ke taruwa kafin ya sauka kan tsohon ƙarfe, ta fi kauri. Tana hawa tana sirancewa, har a ƙololuwa ido ya fi ganin sama da ƙarfe. Ba a zuba ƙarfe inda ba shi da aiki ba. Gilashi kuma ba ya yafe kuskure: ƙarfe yana miƙewa da zafi yana tsukewa da sanyi, don haka kowane falle sai an yanka shi daidai gurbinsa, an bar masa ɗan wurin motsi, an kuma toshe bakinsa yadda ruwa ba zai sami hanya ba.

Hasken nan yana da aiki bayan ado, kuma nan ne rabi na biyu na gwanintar. Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata, amma a tashar da dubun dubatar mutane ke sauri, wa zai tsaya ya amsa maka? Dole ginin ya amsa da kansa. Ka ɗauki baƙon da ya sauka daga jirgi da akwati a hannu. Yana hawa matakala mai tafiya da kanta, tun kafin ya iso sama yana hango haske, ya san can ne mafita. Yana fitowa ya ga zauren gaba ɗaya a kallo guda. Mai shigowa daga titi kuma, bakunan matakalun suna jere a tsakiyar daɓe, kowanne da lambar layinsa. Wurin sayen tikiti, ɗakin jira, wurin karɓar kaya da shaguna duk an tura su gefe, don mai tsayuwa kada ya tare mai tafiya. Allunan da ke nuna lokacin jirage an rarraba su wurare da dama, saboda allo ɗaya tilo taro yake tarawa a gabansa, da zarar lambar layi ta fito kuma sai turereniya. Daga wannan zaure ana sauka zuwa dandamali 9 da layuka 17 daga cikin 21 na tashar, na jiragen Amtrak masu dogon zango da na Long Island masu jigilar ma'aikata.

Aikin da ya fi hatsari shi ne wanda fasinja ba zai taɓa gani ba. Kowace matakala sai an huda mata daɓen tsohon ginin, an sauke ta a kan siririn dandamali, kusa da wayoyin lantarki masu ba jirage wuta. A tasha irin wannan ba a rufe layi sai da lissafi, galibi cikin dare ko ƙarshen mako, na awoyi ƙidayayyu. Ma'aikata su shiga da kayansu a shirye, su yi abin da aka tsara, su kwashe komai, a duba layin, a mayar wa jirage kafin sammakon masu zuwa aiki. Wanda ya tsara wane aiki zai riga wane, da yadda ƙarfe zai iso daidai lokacin da ake bukatarsa a tsakiyar birni mai cunkoso, gwani ne kamar mai zanen rufin, ko da yake ba a buga hotonsa. An fara buɗe wata hanyar ƙarƙashin ƙasa a yammacin tashar a 2017, a shekarar ce kuma aka shiga aikin babban zauren, wanda kamfanin Skanska ya gina.

Wajen ƙawa ma an yi taka-tsantsan. Mabul ɗin daɓe da bango daga jihar Tennessee aka kawo shi, inda aka haƙo na tashar Grand Central fiye da shekara ɗari da suka wuce. A jikin ƙarfen tsakiya an rataye agogo mai tsawon ƙafa 12, zanen Peter Pennoyer, wanda ake hangowa daga kowace kusurwa, ya kuma zama wurin da mutane ke yin alkawarin haɗuwa. A rufin ƙofar titi na 33 akwai zanen gilashi mai launi na Kehinde Wiley, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, shi ne kuma ya zana hoton Barack Obama da aka ƙaddamar a 2018.

Aikin bai rasa aibu ba. Kujeru suna cikin ɗakin jira na masu tikiti, babban zauren babu wurin zama, shi ya sa za ka ga matafiya zaune a ƙasa sun jingina da bango. Dandamalin ƙasa suna nan da ƙuncinsu. Yawancin masu hawa jiragen New Jersey, da masu shigowa ta gabas, har yanzu tsohuwar tashar suke bi. Zaure, komai kyansa, ba ya ƙara yawan jirage. Wasu daga cikin waɗannan sun fi ƙarfin mai zane, amma rashin kujeru zaɓi ne, kuma ba zaɓi mai kyau ba ne.

Duk da haka, a ma'aunin sana'a aikin ya ci yabo. An sami gini da aka daina mora, an gane amfanin da ke ɓoye a cikinsa, an cire abin da ya tare haske, an ɗora sabo a kan tsoho ba tare da ɗaya ya ci mutuncin ɗaya ba, jirage kuma suna ta kai da kawowa a ƙasa har aka gama. Birnin da ya rushe tasharsa a 1963 ya ɗauki shekara 58 kafin ya mayar wa fasinjojinsa hasken rana. Duk hukumar da ke da tsohon gini a hannunta, kafin ta kira mai katafila, ta fara kiran wanda ya iya karanta gini.