Lauyan Cikin Gida, Mai Hangen Ranar Saɓani

Ranar sa hannu a babbar kwangila rana ce ta fara'a. An jera kujeru, an kawo ruwa da lemo, shugabannin kamfanoni biyu sun sha manyan riguna, mai ɗaukar hoto yana cewa a ƙara matsowa. A gefe guda akwai wani mutum riƙe da fayil, wanda sau da yawa ba ya ma fitowa a hoton. Duk wanda ke ɗakin lissafin riba yake yi. Shi kuwa ya shafe makonni yana tunanin ranar da waɗannan masu musabaha za su daina gaisawa. Shi ne babban lauyan kamfani, ko kuma ita ce, domin mata da yawa ne ke riƙe da wannan kujera a yau.

Yawancinmu mun san lauya ne da baƙar riga da farar hular gashi, yana tsaye gaban alƙali. Lauyan cikin gida aikinsa dabam ne. Ma'aikacin kamfani ne mai cin albashi, ofishinsa yana kusa da na akanta da na mai sayen kaya. A Najeriya ƙa'idojin aikin lauya ma sun hana wanda ke cin albashin kamfani ya tsaya a kotu yana kare kamfanin. Idan shari'a ta taso, sai ya ɗauko lauyan waje ya sa ido a kan aikinsa. Sau da yawa shi ne kuma sakataren kamfani, muƙamin da dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa duk kamfanin da jama'a ke da hannun jari a cikinsa. Amma abin da ya fi cin lokacinsa, kuma inda gwanintarsa ta fi bayyana, shi ne kwangila.

Abin da yake da shi wanda lauyan waje ba shi da shi, sanin gida ne. Ya san injin da ke yawan tsayawa, ya san watan da kuɗi ke yin ƙaranci, ya san manajan da ke saurin yin alkawari a waya. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Saboda haka idan takarda ta zo gabansa, yana karanta ta ne yana ganin masana'antar a idonsa.

A ɗauki misalin kamfanin casar shinkafa a Sharaɗa ko Challawa, wanda zai ƙulla da wani babban dillali ya riƙa kawo masa shanshera daga Kura ko Haɗeja. Mai kamfani ya gama magana da dillali, an shirya a kan farashin buhu, an yi addu'a. Sai ya miƙa wa lauyar kamfanin takarda mai shafi biyu ya ce, "Barista, duba mana wannan, gobe za mu sa hannu." Ita kuma ta karanta ta ɗago kai ta ce, "Ranka ya daɗe, buhun nan kilo nawa ne, kuma sikelin wa za a bi?"

Daga wannan tambaya sauran suke biyowa kamar zaren carbi. Shanshera tana ɗauke da danshi, kuma masu casa sun fi son wadda danshinta bai wuce kusan kashi 14 cikin ɗari ba. Idan aka kawo jiƙaƙƙiya, kamfani ya sayi ruwa da kuɗin shinkafa, ga kuma barazanar ruɓewa a sito. To, wa zai auna danshin, a ina, kuma idan ya wuce ƙa'ida mayar da kayan za a yi ko rage farashi? Tsakuwa da ƙaiƙayi nawa za a lamunta? Idan tirela ta kife a hanya, asarar wa ce, ta wanda ya loda ko ta wanda ake kai wa? Kuɗin 'yan dako da harajin hanya fa? Kafin alƙalamin da za a ba dillali, me zai tsaya masa jingina idan damina ta ƙi? Babu ɗaya daga cikin tambayoyin nan da ke buƙatar babban Turanci. Abin da suke buƙata shi ne mutum ya zauna ya bi kayan da zuciyarsa daga gona har sito, yana tsayawa a duk inda mutum biyu masu gaskiya za su iya fahimtar magana ɗaya ta fuska biyu. A ganina wannan ne ƙashin bayan sana'ar, kuma shi ne abin da ya fi burge ni a cikinta. Galibin rigingimun kasuwanci ba daga zamba suke farawa ba, daga "ai na ɗauka" suke farawa.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take magana, da kafa shaidu, da adalcin marubuci. Duk da haka har yanzu akwai ɗan kasuwar da ke jin nauyin cewa a rubuta, don kada abokin ciniki ya ga kamar ba a yarda da shi ba. Lauya nagari yakan ɗauke wa maigidansa wannan nauyi: shi ne zai yi tambayar da zumunci ya hana Alhaji yi.

Idan cinikin ya tsallaka iyaka, sai abin ya ƙara zurfi. Mai fitar da riɗi daga Dawanau zuwa Turkiyya ko Japan zai tarar da haruffa uku a takardarsa, FOB ko CIF, daga cikin ƙa'idojin da majalisar 'yan kasuwa ta duniya mai mazauni a Faris ta fara fitarwa a 1936, ta kuma sabunta su a 2020. A ƙarƙashin CIF mai sayarwa ne ke biyan kuɗin jirgi da inshora har tashar mai saye, shi ya sa mutane da yawa ke zaton kayan suna wuyansa har su isa. Ba haka ba ne. Da zarar an loda kayan a jirgi a Apapa, haɗarin ya koma kan mai saye. Lauyan da ya san wannan ya san wanda zai nemi diyya idan ruwa ya shiga kwantena a tsakiyar teku. Haka nan idan abokin cinikin a Maraɗi yake, sai an tantance dokar wace ƙasa za ta hukunta yarjejeniyar, domin Nijar tana cikin ƙasashe 17 masu bin dokokin kasuwanci na OHADA, waɗanda babbar kotunsu ke Abidjan, Najeriya kuwa tsarin da ta gada daga Ingila take bi. Da yawa sukan zaɓi masu sasanci maimakon kotu, saboda yarjejeniyar New York ta 1958 ta sa ana iya zartar da hukuncin sasanci a mafi yawan ƙasashen duniya, kuma Najeriya ta sabunta dokarta ta sasanci a 2023.

Akwai kuma sashen larura, wanda ke faɗin abin da zai faru idan wani abu da ya fi ƙarfin kowa ya hana cika alkawari. A tsarin da muka gada, abin da aka rubuta a wannan sashe shi ne ke aiki. Wanda bai rubuta ba sai ya dogara da wata ƙofa ƙarama da kotuna ba sa saurin buɗewa. Shekara da shekaru mutane suna kwafo sashen daga tsohuwar takarda ba tare da sun karanta ba. Sai aka rufe iyakokin Najeriya na ƙasa a Agustan 2019, ba a fara buɗe su ba sai Disamban 2020. Korona ta zo a tsakani ta kulle garuruwa. A 2023 aka sake rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulki. A kowane karo, wanda lauyansa ya sa "annoba" da "umarnin hukuma" da "rufe iyaka" a jerinsa, ya kuma aika sanarwa cikin kwanakin da aka gindaya, ya sami wurin tsayawa.

Babu abin da ya nuna darajar wannan aiki a 'yan shekarun nan kamar faɗuwar naira. Kafin watan Yunin 2023 ana canjin dala a hukumance a kan kusan naira 460. A farkon 2024 ta haura 1,500. Duk kamfanin da ke karɓar naira daga hannun jama'a amma yake biyan wani da lissafin dala, ya wayi gari kwangilarsa tana cin sa. MTN Najeriya misali ne da kowa ya gani. Yawancin turakun sadarwar da yake amfani da su haya yake yi daga kamfanin IHS, kuma wani kaso na kuɗin hayar an ɗaure shi da dala. Kamfanin ya bayyana asarar naira biliyan 137 a 2023, da kusan biliyan 400 a 2024, mafi yawa saboda canjin kuɗi. A Satumban 2023 ya sanar cewa zai mayar da hayar turaku kusan 2,500 hannun wani kamfani, ATC, idan wa'adinsu ya cika. A Agustan 2024 sai ga shi MTN da IHS sun sake zama sun gyara yarjejeniyarsu: an rage kason da ke bin dala, an ware kuɗin wuta ya riƙa bin farashin dizal, an kuma tsawaita wa'adin zuwa 2032. Kowa ya sami abin riƙewa, ɗaya sauƙin biya, ɗaya tabbacin shekaru. Irin wannan zama ba ya yiwuwa sai da mutanen da suka san ranar ƙarewar kowace haya, suka san sashen da ya ba da damar fita, suka kuma san abin da ɗaya ɓangaren ke tsoron rasawa.

Wannan ya kawo mu ga rabin aikin da ba a cika gani ba. Mutane suna ɗauka an gama da kwangila ranar da aka sa hannu, alhali a ranar ne take fara rayuwa. Lauyan kirki yana da rajista, a littafi ko a kwamfuta, ta kowace yarjejeniyar kamfani: yaushe za ta ƙare, wacce ce ke sabunta kanta idan ba a ba da sanarwa kwana 90 kafin lokaci ba, yaushe garantin banki zai mutu, yaushe ya kamata a sake duba farashi. Yana lura da yadda ma'aikata ke sauya sharaɗi da saƙon WhatsApp ba su sani ba. Yana lura da manajan da ya saba karɓar kaya a makare bai taɓa rubuta ƙorafi ba, har ta kai ɗaya ɓangaren zai iya cewa ai an yafe masa wa'adin.

Kuma tun da shugaba ne, ba zai iya karanta kowace takarda da kansa ba. Babban kamfani yana ƙulla ɗaruruwan yarjejeniyoyi a shekara, daga masu gadi zuwa masu kawo dizal. Sai ya tsara samfurin takarda na ƙananan cinikayya, ya rubuta wa ma'aikata abin da za su iya sassautawa da kansu da abin da dole ya dawo teburinsa, ya sa daraktoci su amince da wanda ke da ikon sa hannu a kan nawa. Dokar 2020 ta sa hatimin kamfani ya zama ganin dama, sa hannun daraktoci biyu, ko darakta da sakatare, ya wadatar, don haka sanin wanda ke riƙe da alƙalami ya ƙara muhimmanci.

Masu sayar da kaya sukan yi ƙorafin cewa ofishin lauya maƙabartar ciniki ne. Wani lokaci suna da gaskiya, domin akwai lauyan da tsoro ya sa kowace takarda sai ya cika ta da jan biro. Gwani ba haka yake ba. Ya san kasuwanci ba ya rabuwa da kasada, kuma yanke shawara ta masu kamfani ce. Nasa shi ne ya ce, "Yallaɓai, ga ramin, ga zurfinsa, ga kuma hanya biyu da za a kewaye shi." Yakan bar ƙananan abubuwa tara su wuce don ya sami na goma da ke da muhimmanci, kamar iyakar diyyar da kamfani zai biya idan ya gaza. Sanin abin da za a saki ilimi ne da ba a samu a aji.

Akwai dai ranar da dole ya ce a'a ya tsaya a kai, ko da wanda ke gabansa shi ke sa hannu a albashinsa. Najeriya ta ga abin da ke faruwa idan wannan kujera ta yi rauni. A Janairun 2010 ma'aikatar man fetur ta ƙulla yarjejeniyar shekara 20 da wani ƙaramin kamfani mai suna P&ID: gwamnati za ta kawo iskar gas, kamfanin zai gina masana'antar tace ta a Kalaba. Ba a kawo gas ba, ba a kuma aza tubali ko ɗaya ba. Amma a 2017 masu sasanci a Landan suka ce Najeriya ta biya dala biliyan 6.6, da ruwa kashi 7 cikin ɗari a shekara, wato fiye da dala miliyan ɗaya kowace rana. Kafin 2023 kuɗin ya kai kusan biliyan 11, wajen kashi ɗaya cikin uku na ajiyar ƙasar ta kuɗin waje. Sai a Oktoban 2023 alƙali Robin Knowles na babbar kotun Landan ya rushe hukuncin, bayan ya gano an ba da cin hanci ga jami'ar da ke shugabantar sashen shari'a na ma'aikatar lokacin da aka ƙulla yarjejeniyar. Ma'aikatar gwamnati ce, ba kamfani ba, amma kujerar ɗaya ce: mutumin da aka ajiye don ya karanta a madadin kowa.

Shi ya sa idan na shiga ofishin irin wannan lauya na tarar da shi shiru, ba ƙarar waya, ba masu kai da kawo da takardun sammaci, nakan ji girmansa ya ƙaru a idona. A can Challawa injin yana ta casa, tirela ta shigo an hau da ita kan sikelin da aka yi yarjejeniya a kai, yaro ya soka na'urar auna danshi a buhu ya rubuta lamba, dillali ya duba ya sa hannu. Barista kuwa tana ofis ta buɗe rajistarta, ta ga saura wata uku da mako ɗaya hayar sito ta ƙare, ta jawo takarda ta fara rubuta wa mai sito wasiƙa.