Mun Je Gidan Makama, Me Muka Gano?

Yanzu an shigo da wata al'ada ta zuwa yawon buɗe ido wuraren tarihi, musamman lokacin hutun yara ko bayan sallah. Abu ne mai kyau, ni ban ce a daina ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke zuwan, da kuma irin labarin da muke dawowa da shi.

Ku ɗauki Gidan Makama da ke cikin birnin Kano, daura da gidan Sarki. Gida ne tun na zamanin Muhammadu Rumfa, yau shekara sama da 500, kuma Turawa sun yi ofis a cikinsa bayan sun ci gari. Can aka ajiye tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni, har da na Ƙofar Kabuga. To sai ki ga an ci kwalliya kamar za a gidan biki, a zo a jingina da ƙyauren nan, a karkace baki, a ɗauki hoto a waya, a yi gaba. Alhali kuwa ta Kabuga sojojin Kanar Molan suka fasa suka shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Sarkin Shanu ya tsaya da mutanensa a gidan Sarki, bai gudu ba har aka kashe shi. Haba Hajiya, jini fa ya zuba a ranar da aka ɓalle ƙyauren da kike jingina da shi!

Amma wallahi laifin ba na masu hoto kaɗai ba ne. Ko kin tsaya kin kasa kunne, labarin da aka saba bayarwa, a makaranta ko a bakin masu zagayawa da baƙi, na maza ne zalla. Sarki wane, Waziri wane, Bature wane. Za a ce miki Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi. Za a ce an gwabza a Giginya ranar 15 ga Maris, Sakkwato ta faɗi, Sarkin Musulmi Attahiru ya kama hanyar gabas da niyyar hijira, aka bi shi har Burmi, cikin jihar Gombe ta yanzu, ya yi shahada ranar 27 ga Yuli. Duk gaskiya ne, Allah ya jiƙansu da rahama. To ina matan?

Don fa dubban mutanen da suka bar gidajensu da gonakinsu suka bi Attahiru ba mayaƙa kaɗai ba ne, iyalai ne. Ki lissafa da kanki, daga Maris zuwa Yuli: an fita cikin tsakiyar bazara, damina ta riske su a hanya. Wa ya riƙa neman ruwa? Wa ya yi daka a zango, ya hura wuta da jiƙaƙƙen itace? Akwai mai goyo, akwai mai tsohon ciki da naƙuda ta kama a gindin bishiya, ba ungozoma ba ruwan zafi, gari na wayewa kuma a ce a tashi. Duk macen da ta taɓa wankan jego ta san abin da nake nufi. Waɗanda suka tsira daga Burmi suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har ƙasar Sudan, inda har gobe akwai gari mai sunansa a bakin kogin Nilu. Zuriyar da ke can, daga sama suka faɗo?

Kada ma a yi zancen Satiru, ƙauyen nan na kusa da Sakkwato da aka baje a 1906, aka kashe mazan, aka kwashe mata da yara. Shi ko ƙyauren jingina ba a bar masa ba.

Matan da suka ga abin da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya, jikokinsu ne tsofaffin da ke kwance a ɗakunanmu yanzu, muna ce musu sun cika surutu. Ga kasuwar littattafanmu ta cika da Alhaji mai Marsandi da rigimar uwargida da amarya. Ni kuwa rigimar da nake son in karanta ita ce ta kishiyoyi biyu da suka fita hijira bayan miji ɗaya, ba sa ga maciji da juna, aka bar mijin a Burmi. Ga hanyar gida a yamma, ga ayari ya nufi gabas, ga 'ya'ya a gabansu, ɗayar kuma nononta ya ƙafe.