Zane ya buɗe wa kiɗan gargajiyar Japan ƙofa

A shekarar 2012 wata mai zane da ake kira Amyu ta fara fitar da labari cikin hotuna, irin wanda Japanawa ke kira manga, a mujallar Jump Square. Sunansa Kono Oto Tomare, kuma a kan 'yan sakandare yake, masu faɗi-tashi don kada ƙungiyarsu ta kiɗan koto ta mutu. Koto dogon katako ne mai tsirkiya 13, a kwance ake kaɗa shi, da ƙumbar aro a yatsu uku na hannun dama. Matasa da yawa a Japan sun ɗauke shi kiɗan tsofaffi, wanda sai ranar sabuwar shekara ake jinsa a kantuna.

Takarda ba ta da murya, don haka dole Amyu ta zana abin da kunne ba zai ji ba: yatsun da suka yi kanta, gumi a goshi, yaron da ke danna tsirkiya da hannun hagu har sautin ya lanƙwashe, yadda 'yan ƙungiya ke satar kallon juna kafin su shiga tare. Mai karatu sai ya ƙagu ya ji. Da aka mayar da labarin fim ɗin zane a 2019, masu kallo sun riga sun san wahalar da ke bayan kowane sauti.

A nan ne wannan salo ya yi gaskiya. Hoton mace sanye da rigar gargajiya ta kimono riƙe da kayan kiɗa ya daɗe a zanen Japan, amma ado ne kawai. Labarai irin na Amyu kuwa sun sa kiɗan a tsakiya, sun nuna shi a matsayin aikin da ake koya da kyar.

Haka Marimo Ragawa ta yi da Mashiro no Oto, wanda ta fara a 2010, aka yi fim ɗinsa a 2021. Shi a kan shamisen yake, mai tsirkiya uku da fata a baki kamar molo. Salon da ta zaɓa na Tsugaru ne, a arewacin ƙasar, inda a da makafi kan bi gida-gida suna kaɗawa don neman abinci. Kiɗa ne mai duka, mai zafi, kuma Yoshida Brothers, 'yan'uwa biyu ƙwararru a wannan salo, su suka kula da kiɗan shamisen na fim ɗin. A 2021 ɗin ma Naoko Yamada ta fitar da fim ɗin zane mai suna Heike Monogatari, inda yarinya mai kaɗa biwa, wani kayan kiɗan gargajiya mai tsirkiya, ke ɗauke da labarin.

Sai dai kallo daban, koyo daban. Tun 2002 aka wajabta wa ƙananan makarantun sakandare su ɗanɗana wa yara kayan kiɗan gargajiya, amma masu sayen shamisen raguwa suka ci gaba da yi. A 2020 Tokyo Wagakki, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera shi, ya sanar zai rufe. Jama'a suka tashi, aka yi ta kawo aiki, ƙungiyar mawaƙa ta Wagakki Band ta tara masa gudummawa, kamfanin ya ci gaba. Ya kamata masu shirya finafinan nan su juya kyamara su kai ta ɗakin da ake jan fata a kan katako, domin maƙeran da suka iya wannan aiki tsufa suke yi, kuma almajiransu kaɗan ne.