Barmani Choge: Mawaƙiya ce ko 'Yar Wasa?

Akwai wata al'ada da ta kafu a kwalejojin horon malamai, watau a rubuto waƙar baka a takarda, a raba wa ɗalibai, a ce su fitar da jigo da salo. Wannan hanya tana iya yi wa Narambaɗa da Ɗanƙwairo adalci gwargwado, domin yawancin nauyin fasaharsu yana cikin kalmomi. Amma in aka auna Hajiya Sa'adatu Barmani Choge da wannan mudu, lalle an ƙware ta.

An haife ta a ƙasar Funtuwa cikin shekarun 1940, ta yi suna da kiɗan amada daga shekarun 1970, ta rasu a 2013. Amada kuwa kiɗan mata ne na ƙorai, wasu a kife a ƙasa, wata a kife bisa ruwa don ta ba da babbar murya. Mu da muka tashi a Wanke, cikin ƙasar Gusau, mun san shi a gidajen biki da suna, inda namiji ba ya shiga. Uwaliya Mai Amada ta Kano ta riga ta suna, amma Barmani ce ta fi kowa fito da kiɗan daga tsakar gida zuwa dandali da rediyo da talabijin.

Mu ɗauki waƙarta ta kishiya, "Sakarai Ba Ta da Wayo". A takarda zambo ne kurum, mai yawan maimaici, wanda malami zai ga ba shi da zurfi. A dandali kuwa Barmani ba labarin kishi take bayarwa ba, ita ce uwargidan da kanta: ga harara, ga taɓe baki, ga rangwaɗa, 'yan amshi kuma sun zama maƙwabta masu zuga. Maimaicin nan da ya gundure mu a rubuce shi ne filin da take sāke murya da fuska, har layi ɗaya ya fito da ma'ana uku. Rubutun boko bai nuna karin sauti ko tsawon wasali ba, balle gatse. Ashe abin da muke ba ɗalibai ƙashi ne ba tsoka.

Haka "A Kama Sana'a Mata". Ba wa'azi take yi daga nesa ba. Tana tsaye gabansu, mace mai ci da sana'arta, ita ce hujjar maganarta. A Ingila da Amurka macen da ta haɗa waƙa da rawa da kwaikwayo a dandali ana auna ta da ukun gaba ɗaya. Don me mu za mu ɗauki ɗaya mu zubar da biyu?

Ba mu ce ba ta da aibi ba. Wasu waƙoƙinta na roƙo jerin sunaye ne kawai, kuma abin da ya dace da ɗakin mata, kamar "Waƙar Duwaiwai", ya jawo mata zargin batsa da ya fita bainar jama'a. Sai dai mai zargin ya tuna don wa aka shirya wasan tun farko.

Shawararmu ga malamai ita ce, kada a karanta Barmani sai an kalle ta, tun da hotunan wasanta suna nan. Sa'an nan a tura ɗalibai mata Wanke da Tsafe da Bunguɗu su ɗauki wasan tsofaffin da suka iya ƙwarya, da sauti da hoto, tun ba su bi ta ba.