4.3 Zane a Matsayin Hanyar Jure Ciwo: Nazarin "Karyayyen Ginshiƙi"

A wannan sashe za a duba yadda Frida Kahlo (1907–1954), 'yar ƙasar Meziko, ta bayyana ciwonta a wannan hoto da ta zana a 1944. Tun haɗarin motar bas na 1925, wanda ya karya mata ƙashin baya da na ƙugu, ba ta sake samun cikakkiyar lafiya ba, har aka yi mata tiyata fiye da sau 30. Tana kwance ta duƙufa kan zane, tana kallon kanta a madubin da aka maƙala mata a saman gado.

A hoton an ga jikinta a tsage, ginshiƙin gini mai karaya ya maye gurbin ƙashin bayanta, ɗamarar asibiti ce kaɗai ta riƙe ta. Ƙusoshi sun soke ta ko'ina, mafi girmansu a kan zuciya. Wato ke nan ba ta raba ciwon jiki da ƙuncin rai ba. Sai dai abin lura shi ne fuskar: hawaye na zuba, amma ba ta yamutse ba, idanu kuma suna kan mai kallo.

Bisa wannan za a iya cewa zanen bai warkar da ita ba, domin a 1953 an yanke mata ƙafar dama. Abin da ya ba ta shi ne iko: maimakon majinyaciyar da likitoci ke dubawa, ita ce ta zaɓi yadda za a gan ta.